Maganin Kitsen Jini Da Abin Da Ya Sami Kawuna A Lafiya

A makon jiya ba ku ga wannan fili ba, har waɗansunku suka aiko suna tambaya ko lafiya. To, ni dai lafiyata ƙalau, amma kwana bakwai na yi a Lafiyar Barebari, babban birnin Jihar Nasarawa, ina jinyar kawuna, ƙanen mahaifiyata. Abin da ya kwantar da shi kuwa wata 'yar ƙwayar magani ce wadda ba ta fi ƙwayar agushi girma ba, wadda kuma aka yi ta domin kare zuciya. Da na nemi izininsa in ba da labarin a jarida sai ya ce in bayar, amma kada in kama sunansa, don kada abokan ciniki su mai da shi abin ba'a. Na kuwa yi masa alkawari.

Kawu ɗan kasuwa ne, yana sayen riɗi da agushi daga ƙauyukan Doma da Obi da Awe, yana turawa Kano da Legas. Shekarunsa 58, mutum ne mai jiki, wanda ba ya barin mai balangu ya wuce bai tsai da shi ba, in kuwa an yanka masa sai ya ce a ƙara da kitse. Bara ya je asibiti saboda ciwon kai da jiri, aka auna aka ga yana da hawan jini, aka kuma ɗebi jininsa aka ga kitsen da ke ciki ya wuce ƙima. Likita ya rubuta masa magani iri biyu, Amlodipine na hawan jini, da Simvastatin mai lamba 20 na kitse, ya riƙa shan guda kowane dare. Zan riƙa rubuta sunayen magungunan nan kamar yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya iya ɗaukar nasa ya gwada.

Wata uku Kawu yana sha ba fashi. Da ya ƙare ya je saye ya ji kuɗi, sai ya dawo gida hannu sake. Ran nan a majalisarsu ta ƙofar shago ya ta da zancen, sai wani amininsa ya ce ai shi ma an rubuta masa, ya sha kwana goma ya ajiye tun da bai ji wani bambanci ba. Ya aika gida aka ɗauko kwali biyu ya ba Kawu kyauta, ya ce, "Ungo Alhaji, ai duk ɗaya ne, nawa ma ya fi naka ƙarfi." Gaskiya ya faɗa, domin nasa mai lamba 40 ne. Bayan 'yan makonni kuma ƙwannafi da zafin ciki suka matsa wa Kawu, ya leƙa wani kantin kemis a unguwarsu. Yaron kantin ya ce, "Baba, olsa ce," ya miƙo masa irin haɗin nan mai ƙwaya uku a kati ɗaya, a sha safe da yamma. Ɗaya daga cikin ukun sunanta Clarithromycin. Yaron bai tambayi Kawu ko yana shan wani magani ba, shi ma Kawu bai ga dalilin faɗa ba, don a ganinsa me ya haɗa ciki da kitse?

Kwana shida da fara wannan haɗi, cinyoyinsa da kafaɗunsa suka ɗauki ciwo kamar wanda ya wuni yana dakon buhuna. In ya zauna tahiya ba ya iya miƙewa sai an kama shi. Fitsarinsa ya rine ya koma kamar shayin da ba madara. A gida aka ce shawara ce, aka kawo jiƙe-jiƙe. Maƙwabta suka ce taifod ne. Allah Ya sa da aka tashi kai shi asibiti, uwargidansa ta tattara duk wani kati da kwali da ke kan tagar ɗakinsa ta zuba a leda ta tafi da su. Likitar da ta karɓe shi ta zazzage ledar a kan tebur, ta jera kwalaye ukun nan, ta daɗe tana dubansu, sa'an nan ta sa a ɗebi jini da gaggawa. Gwaji ya nuna naman jikinsa ne ke narkewa. Kwana biyar ana yi masa ƙarin ruwa ana auna fitsari, kafin aka ce mana ƙodarsa ta kuɓuta.

Bayanin da likitar ta yi mini mai sauƙi ne. A cikin hanta akwai wata ƙofa wadda ta nan jiki ke sarrafa Simvastatin ya fitar da shi. Clarithromycin kuwa yana toshe wannan ƙofa, sai maganin kitsen ya taru a jini har ya kai ninki goma na abin da aka nufa. Shi ma Amlodipine yana ɗan rage faɗin ƙofar, wannan ne ya sa tun a 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce mai shan Amlodipine kada Simvastatin ɗinsa ya wuce lamba 20. Watau likitan Kawu na farko ya san abin da yake yi da ya tsaya a 20. Aminin Kawu ya ninka, yaron kemis ya rufe ƙofa. In maganin ya yi yawa haka sai ya far wa tsoka, tsokar ta farfashe ta saki wani jan sinadari cikin jini, shi ne ke rina fitsari, shi ne kuma ke toshe ƙoda. Da an ƙara kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, da yanzu maganar wankin ƙoda muke yi, ko kuma abin da ya fi wannan.

Kafin in ci gaba, ya kamata mu san mene ne wannan kitse. Likitoci na kiransa kolestarol. Ɗan gida ne a jikin ɗan Adam, da shi jiki ke gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi kuma hanta ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙon abinci. Mafi yawansa ma hanta ce ke yin sa da kanta, galibi cikin dare, abin da ke zuwa daga kwano kaɗan ne. Saboda haka za ka ga siririn mutum kamar sillen kara amma jininsa cike da kitse, ka ga mai tumbi kuma nasa daidai. Wanda takardar gwaji ke kira LDL shi ne mai ɓarna, yana liƙewa a bangon hanyoyin jini shekara da shekaru kamar yadda laka ke cike kwata, har hanya ta ƙuntata. Ranar da wannan abu ya fashe jini ya daskare a kansa, in a hanyar jinin zuciya ne sai bugun zuciya, in a ta ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki. Duk tsawon shekarun nan kuwa mutum ba ya jin komai, ba zazzaɓi ba kasala. Awon jini kaɗai ke tona shi. A nan ma sai an lura, domin wani ɗakin gwajin zai rubuta 5.2, wani ya rubuta 200, alhali ma'auni ne ya bambanta, adadin ɗaya ne, kuma shi ne iyakar da ba a so jimlar kitsen ta haura. Na ga wanda ya kwana bai yi barci ba saboda ya gwada takardarsa mai 190 da ta abokinsa mai 6.

Har yanzu akwai masu cewa wannan ciwon Turawa ne da attajirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suka auku. Kowa ya ƙirga a unguwarsu dattawa nawa ne ke jan ƙafa, hannu a lanƙwashe, ana cewa iska ce ta buge su.

Magungunan nan dangi guda ne, ana ce musu sitatin, kuma duk sunansu da haka yake ƙarewa: Simvastatin, Atorvastatin, Rosuvastatin da sauransu. Aikinsu shi ne rage wa hanta hanzarin yin kitse, ita kuma sai ta koma tana janye wanda ke yawo a jini. Asalinsu daga Japan ne, ƙasar da ke cikin manyan masu sayen riɗin da su Kawu ke tarawa. Wani masani mai suna Akira Endo ya bincika funfuna iri-iri har wajen 6,000, a 1973 ya sami abin da yake nema a jikin wata funfunar shinkafa. Sai a 1987 aka amince da sayar da na farko a Amurka, watau Lovastatin. Endo ya rasu a watan Yuni na 2024 yana da shekara 90.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Ranar da aka sallami Kawu, muna cikin mota a kan hanyar Shendam ya daga hannu ya ce, "Ɗana, ni da maganin kitse har abada. Gara kitsen ya kashe ni." Ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma in ya tsaya a kan wannan rantsuwa, an gudu ke nan ba a tsira ba. Mutum mai shekara 58, mai hawan jini, mai kitse a jini, wanda mahaifinsa ya yi shekara huɗu a kwance da shanyewar jiki kafin ya cika, shi ne ainihin wanda aka yi maganin dominsa.

Amfanin maganin ba zancen masu talla ba ne, an gwada an ƙirga. A 1994 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444. Rabi aka ba su Simvastatin, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su fiye da shekara biyar. Cikin waɗanda ba su sami maganin ba mutum 256 suka mutu, cikin waɗanda suka samu kuwa 182. Bincike-binciken da suka biyo baya sun nuna cewa duk lokacin da aka sauke LDL da maki ɗaya a ƙaramin ma'aunin nan, haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki na raguwa da kamar kashi ɗaya cikin biyar. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Simvastatin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Haɗarin fa? Akwai shi, ba mai musu, ga Kawu nan shaida. A watan Agusta na 2001 ma kamfanin Bayer na Jamus ya janye nasa sitatin ɗin mai suna Baycol daga kasuwa bayan mutum 31 sun mutu a Amurka da irin wannan narkewar tsoka, da yawansu kuma sun haɗa shi ne da wani maganin kitse mai suna Gemfibrozil. Amma a cikin waɗanda suka rage a kasuwa, mummunar illa ga tsoka ba ta samun ko mutum ɗaya cikin dubu, kuma sau da yawa in ka bi sawu za ka tarar da yawan sha ko gamin gambiza. Maganin yana kuma ɗan ɗaga sukari: wani lissafi da aka buga a 2010 ya nuna in mutum 255 suka sha shekara huɗu, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai ciwon sukari, galibi wanda dama yake bakin gaɓa. Abin da za a tsare masu na bugun zuciya ya fi haka yawa.

Ciwon jiki na yau da kullum kuwa, wanda shi ya fi sa mutane ajiye maganin, labarinsa da ban mamaki. A 2020 likitoci a Landan suka tara mutum 60 waɗanda duk sun bar sitatin saboda sun ce yana sa masu ciwo. Aka ba kowa kwalba 12, ta wata ɗai-ɗai: huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar banza mai kama da shi, huɗu kuma fanko, ba wanda ya san ta gaske da ta banza. Da aka tattara lissafi sai aka ga kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da maganin gaske sun ji shi da ƙwayar banzar ma. Rabinsu suka koma shan maganinsu. Ba ƙarya suka yi ba, ciwon sun ji shi, sai dai tsoron ƙwayar ne ya fi abin da ke cikinta tasiri. A garinmu kuwa, inda ɗan shekara hamsin ke wuni a gona ko a kan babur, ciwon baya da na gwiwa ba su rasa dalili. Ciwon da ake gudu daban yake: yana kama manyan tsokoki na cinya da kafaɗa a ɓangare biyu lokaci guda, da rashin ƙarfi, wani lokaci da zazzaɓi. In har fitsari ya rine ko ido ya yi rawaya, a dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. In kuwa ɗan tsami ne kawai, a koma wurin likita, yana iya rage lamba ko ya sauya wani.

Ba Clarithromycin kaɗai ke rufe ƙofar nan ba. Ɗan'uwansa Erythromycin, wanda ake miƙa wa mai tari kamar alewa, haka yake yi. Haka Ketoconazole da Itraconazole na sha, waɗanda ake bayarwa don makero da cututtukan fata, da magungunan ƙanjamau masu ɗauke da Ritonavir. Rifampicin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, yana kore maganin kitsen da wuri har ya rasa ƙarfi. Akwai ma ɗan itace a ciki, watau garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake kawowa tare da lemon zaƙi ta hanyar Makurɗi, masu sayarwa na ce masa giref. Mai shan Simvastatin ya bar shi. Lemon zaƙi da inabi ba ruwansu. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa, ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗora alƙalami, domin galibi dakatar da shi ake yi. Haka mai shan giya ko burkutu da yawa, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon hanta. Wannan na ƙarshe ya shafi Nasarawa ƙwarai, domin ciwon hanta ya yi yawa a jihar, har a 2020 gwamnatin Abdullahi Sule ta ɗaura ɗamarar kawar da nau'in C, kuma waɗansu magungunan wannan ciwo ba sa jituwa da sitatin sai an rage lamba.

Simvastatin da dare ake shan sa, saboda lokacin ne hanta ke aikinta, shi kuma ba ya daɗewa a jiki. Atorvastatin da Rosuvastatin suna daɗewa, kowane lokaci mutum ya zaɓa ya yi, in dai zai riƙe shi kullum. Da azumi ba wata wahala, a sha bayan asham. Wanda ya manta jiya kada ya haɗa biyu yau. Kuma ba irin maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a ce an warke; in an bari, cikin 'yan makonni kitsen zai koma inda yake. Wanda aka auna aka ce masa lamba ta sauka, maganin ne ya sauke ta.

Sai maganar kemis, wadda ita ta fi ci mini rai. A dokar ƙasar nan, ƙaramin kantin kemis ba shi da izinin sayar da maganin da sai da takardar likita, kuma sitatin da Clarithromycin duka suna cikin wannan aji. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa takan fita ta rufe kantuna lokaci-lokaci, mu kuma mu buga hoton a jarida, bayan mako biyu a buɗe. Amma ba zan ɗora wa yaron nan laifi duka ba. Mutanenmu na zuwa wurinsa ne domin yana kusa, ba kati, ba layi, kuma yana ba da bashi. Muddin ganin likita zai ci wa ɗan kasuwa wuni guda, to kemis ne asibitin talaka, ko doka ta so ko ta ƙi. Abin da ya rage shi ne ƙungiyarsu ta koya wa 'ya'yanta tambaya ɗaya tak kafin su miƙa kowane irin magani: "Baba, akwai wanda kake sha yanzu?" Da an yi wa Kawu ita, kuma da yaron ya san abin da zai yi da amsar, da ban rasa filina na makon jiya ba.

Tsada ma gaskiya ce. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuma tsadar ce ta fara tura Kawu ga kwalin amininsa. Abin da bai sani ba shi ne magani ɗaya yana da sunan asali da sunan kamfani. Lipitor, alal misali, Atorvastatin ne wanda a da yake na kamfanin Pfizer, kuma tun 2011 ikon mallakarsa ya ƙare a Amurka, kamfanoni da dama na Indiya da sauran ƙasashe suna yin sa da araha. In ka je babban kantin magani mai rajista, ka nemi ganin mai harhaɗa maganin da kansa, ka gaya masa ƙarfin aljihunka, zai nuna maka mai sauƙin kuɗi mai suna ɗaya da lamba ɗaya. Ka dai duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma guji na bakin tasha wanda rana ta gasa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Nasarawa ma tana da tata hukumar, sai dai a majalisar su Kawu, mutum tara, ba ko ɗaya da ya yi rajista.

Magani kuma ba ya ɗauke wa baki nasa aikin. Kitsen nama, da ƙwaƙwalwa, da kayan ciki, da man shanu, su ne na gaba a ragewa. Manja ba shi da kolestarol don tsiro ne, amma kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa wanda ke sa hanta ta bar kitse a jini, saboda haka a sa don ɗanɗano, kada miya ta yi iyo a cikinsa. Man da aka soya doya da ƙosai aka sake soyawa har ya yi baƙi, a zubar. Wake, da kuɓewa, da ganye, da kifi, da gyaɗa, da riɗi, duk suna taimakawa, kuma duk ƙasar Lafiya na noma su ko tana samun su. Na ce wa Kawu abin kunya ne a ce yana loda wa mutanen Japan riɗi a tirela shi kuma yana bin mai balangu. Ya ce in bar shi ya ji da abu ɗaya tukuna.

Kafin in baro Lafiya mun koma wurin likitar. Ta saurari rantsuwarsa har ya gama, sa'an nan ta ce, "Baba, ba yau zan ba ka ba. Sai tsokarka da ƙodarka sun huta, mu sake aunawa. In sun daidaita zan sa ka a kan Rosuvastatin mai lamba 5, shi ba ta waccan ƙofar yake bi ba, bayan wata biyu ko uku mu ga abin da jini zai ce." Ta ɗauki kati ta rubuta sunayen magungunansa da lambobinsu da manyan baƙaƙe, ta ce ya sa a aljihu tare da katin shaidarsa, duk inda za a ba shi magani, ko na mura ne, ya fara nuna shi. Kawu bai ce i ba, bai ce a'a ba, amma na ga ya ninke katin ya sa a aljihun gaba. Ragowar kwalin amininsa kuwa uwargida ta riga ta mayar wa mai shi, tare da saƙon cewa shi ma ya je a auna shi. An ba Kawu ranar komawa nan da mako huɗu, na kuma gaya masa ni zan zo in kai shi da kaina.